Abin Da Muke Sa Wa Ƴaƴanmu a Baki Ma Amana Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da ƴan uwana na Damagaram.

Mu dai mun san tamowa, ba labari aka ba mu ba. Mun ga yunwar 2005, kuma har yau ana ganin uwaye a gidan likita riƙe da jarirai masu siraran hannuwa. Shi ya sa in yaro ya yi kumatu, wuya ya ninke, sai hankali ya kwanta, kaka ta ce: "Masha Allah, ɗan nan yana jin daɗin gida." Ban ga laifin wannan murna ba. Sai dai akwai ƙibar da cuta ce, kuma ta fara shigo mana, musamman gidajen cikin gari da Allah ya hore wa abin hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 yara 8 cikin 100, ƴan shekara 5 zuwa 19, ke da nauyin da ya wuce kima. A 2022 sun kai 20 cikin 100, sama da yara miliyan 390.

Dubi yinin yaro guda. Da safe shayi mai madara da sukari cokali uku, da burodi. Kabu-kabu ya ɗauke shi daga ƙofar gida ya sauke shi ƙofar lakwal. Dala ashirin ɗin da aka ba shi ta tafi a fanke da biskit da ƙanƙarar leda mai launi. Ya dawo ya ci taliya da mai, baba ya shigo da lemun kwalba don ya faranta masa. Daga nan sai waya har barci. Gwangwanin lemu ɗaya kan ɗauki sukari har ƙaramin cokali 10, alhali hukumar nan ta ce abin da ya fi ko ga babba shi ne kada ya wuce kamar cokali 6 a yini. Furar ma da ta raine mu, yanzu sai an zuba mata sukari har ɗanɗanon gero ya ɓace.

Ba don ƙi muke yi ba, wallahi don so ne. Wanda ya tashi cikin rashi ba ya son ɗansa ya nemi abu ya rasa. Amma jiki ba ya duba niyya. Kitsen nan yana taruwa a ciki da hanta, sai insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, ya daina aiki yadda ya kamata. Ta nan ciwon sukari nau'i na biyu ke shigowa, ciwon da a da ake ɗauka na manya ne. Jijiyoyin jini su fara tara maiƙo tun yaro bai balaga ba, jini ya hau, zuciya ta riƙa wahalar bugawa shekara da shekaru ba wanda ya sani. Kuma yaron da ya tashi da ƙiba, sau da yawa da ita yake girma.

Uwaye, ga wata alama. Wani lokaci bayan wuyan yaro ko hammatarsa kan yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi. Uwa ta sa soso da sabulu ta yi ta dirza, tana yi masa faɗan ƙazanta, yana kuka, baƙin yana nan. Sau da yawa ba dauɗa ba ce, jiki ne ke nuna insulin ya fara gazawa. A ajiye soson, a kai shi a auna masa sukari da jini.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31: ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna, lalle Shi ba ya son maɓarnata. Manzon Allah (SAW) ya ce, a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri da ya kai cikinsa ba. In ba makawa, kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mun haddace wannan, muna karanta shi da azumi, amma wa ya tuna da shi sa'ad da yake ce wa yaron da ya ƙoshi "sai ka cinye"? Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce dukanku makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin kiwonsa. Yaro ɗan shekara 7 ba shi ke zuwa kasuwar Dole cefane ba. Mu ne.

Maganin ba tsada gare shi ba. Nonon uwa zalla wata 6. Ruwa a madadin lemu, a bar lemun sai ranar salla ko biki. Wake, kwaɗon zogale, tuwon gero da miyar kuka, gyaɗa, goruba, duk muna da su. Yaro ya samu aƙalla awa guda kullum yana guje-guje. Da la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi, a karɓe wayar a bar shi ya yi ƙwallo ko langa. Ƴan mata ma haka, don su aka fi tsarewa a ɗaka.

Ina roƙon ku kuma, kada a mai da yaron abin tsokana. Kada a kira shi ƙato ko tulu, kada a ware masa kwano ana kallonsa, kada a hana shi abinci da ka, domin jikinsa girma yake yi. Gida duka ne zai canza tukunya, maigida ya fara da kofin shayinsa. In kana shakka, kai shi gidan likita a auna tsawonsa da nauyinsa a gwada da shekarunsa.

Allah ya raya mana su cikin lafiya da imani, amin.