Kan dala 1,200 ɗin San Francisco da kuke ta turawa

Haba jama'a, hoton nan da ake ta yawo da shi a guruf-guruf wai birnin San Francisco na biyan mutane dala 1,200 duk wata don su sauya jinsi, ƙarya ce tsagwaronta, kuma na tabbata yawancin masu turawa ko layi biyu ba su karanta ba kafin su rubuta "Amurka ta lalace" su danna tura.

Shirin sunansa GIFT, tallafin kuɗi ne na wata-wata ga talakawan da suka riga suka ɗauki kansu a jinsin da ba shi aka haife su da shi ba, an fara shi a 2022 lokacin London Breed tana magajiyar gari, mutum 55 kacal aka ɗauka, na tsawon wata 18, kuma sharaɗin shi ne abin da kake samu a wata bai wuce dala 600 ba. Dala 600 a garin da hayar ɗaki ɗaya da falo ta haura dala 2,500! Wato mutanen da suka riga suka talauce ne, wasunsu a titi suke kwana a unguwar Tenderloin. Ba wanda aka biya ya canza komai, kuɗin haya ne da na abinci. Irin wannan tallafin ma ba da su aka fara ba, birnin Stockton, shi ma a Amurka, ya bai wa mutum 125 dala 500 duk wata na tsawon shekara biyu daga 2019, San Francisco ɗin ma tana da na mata masu ciki, ban ji kowa ya yi ihu a kansu ba.

Aikin hukumar birni shi ne kar mazauninta ya kwana a titi. Shi ke nan. Ko namiji ne ko mace ko wanda ya ce shi bai ɗauki kansa a ɗaya daga cikin biyun ba, in dai a garin yake zaune to yana da haƙƙi a kan hukuma.

Na san za a ce min addini. Ni ma musulmi ne kuma ban ce kowa ya taɓa aƙidarsa ba, amma magajin gari ba limami ba ne, ba alƙali ba ne, shara yake kwashewa ya gyara hanya ya samar da wurin kwana. Wasu kuma za su ce me ya sa sai an ware musu shiri na daban, to saboda su ne ake kora. A Kochi ta Indiya kamfanin jirgin ƙasa na cikin gari ya ɗauki irin waɗannan mutane 23 aiki a 2017, aka yi ta yabo a jaridu, ba a jima ba da dama suka ajiye aikin don masu gidaje sun ƙi ba su haya, albashin kuma ba ya isar kuɗin masauki. Ga aiki amma ba wurin kwana.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Peshawar a Pakistan, ƙasar musulmi fa. A 2016 aka harbi wata mai suna Alisha, ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, aka kai ta asibiti jini na zuba, ma'aikata suka tsaya gardamar ɗakin maza za a kai ta ko na mata, ta rasu. Don Allah wane malami ne ya karantar da ku cewa a bar mai rauni ana muhawara a kansa? Rai ne fa, ɗan wani ne, akwai uwar da ta haifa. Bayan shekara biyu majalisar Pakistan ta yi dokar kare su a 2018, ko da yake kotun shari'a ta soke wasu sassanta a 2023, amma ko a can ba wanda ya ce a hana su magani.

Ni inda nake ganin laifin San Francisco ma daban ne. Mutum 55 me za su rage? Dubbai ne ke kwana a titi a garin, kamfanonin fasaha sun cika yankin da masu manyan albashi, haya ta yi tashin gwauron zabo, sabbin gidaje kuma ba a ginawa don duk wanda ya riga ya mallaki gida ba ya so a yi bene kusa da nasa, izinin gini kaɗai sai ya ɗauki shekaru kafin a sa hannu, har malaman makaranta da direbobin bas ɗin garin da yawa sai daga wasu garuruwa suke zuwa aiki kullum.