Kafin murnar 'yancin ƙaramar hukuma, a nuna mana lissafin kasuwa

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin da aka daɗe ana jira. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya kai ƙarar gwamnoni 36, Mai shari'a Emmanuel Agim kuma ya karanta hukuncin: kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa tura musu kai tsaye, ba sai ya biya ta hannun gwamna ba, kuma babu gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Ina goyon bayan wannan hukunci ɗari bisa ɗari. Kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya haƙƙin ƙananan hukumomi ne, kuma shekara da shekaru asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ke hannun gwamna, yana haɗiye shi, a bar wa ciyaman abin biyan albashi da ɗan canji. Ko bayan hukuncin ma jan ƙafa aka yi ta yi. A Anambra, cikin watan Oktoban shekarar, sai da aka yi sabuwar doka wadda ta tilasta wa ƙananan hukumomi su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi.

To amma a ce gobe kuɗin sun iso sakatariya cif-cif, ko kwabo bai yi ciwon kai a hanya ba. Me zai sauya a rayuwar mai sayar da ƙosai a bakin tasha? Amsata ita ce babu abin da zai sauya, muddin ana ci gaba da yanke shawarar gari a ɗaki, mutum uku ko huɗu, mutanen gari kuma su ji labari a bakin mai shela. Shaidata ba daga Abuja take ba. Tana cikin kasuwar garinmu, inda tuntuni ƙaramar hukuma ke karɓar kuɗin da babu gwamnan da ya tsaya mata a kai.

Duk wanda ya taɓa shiga karar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ya san irin dukiyar da ke juyawa a ƙaramin gari cikin yini guda. Saniya ba ta shiga ta fita kyauta. Buhun gero da na wake akwai abin da ake biya a kansu, mai rumfa yana biya, mai kasa kaya a ƙasa yana biya, motar da ta yi lodi ba ta tashi sai an yanka mata rasit. Wani kuɗin na ƙaramar hukuma ne, wani na jiha, wani na ƙungiya, wani kuma wanda ya biya bai san na wane ne ba, an dai miƙo masa guntuwar takarda, wani lokaci ma babu takardar. Haka abin yake a ɗaruruwan kasuwannin mako-mako daga Sakkwato har Yobe. Kuma tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya fayyace cewa kasuwa da tashar mota da mayanka da makabarta da banɗakin jama'a da kwashe shara da magudanan ruwa duk aikin ƙaramar hukuma ne. Ita ce kuma ke rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ita ke ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwale-kwale.

Yanzu a dubi abin da mai biya yake samu. A kasuwanni da yawa mahauta na fiɗa a ƙasa, ruwan wanke nama sai an saya a wurin 'yan garuwa. Dubban mutane su wuni a kasuwa babu banɗaki mai kyau ko ɗaya, mata su fi kowa shan wuya. Damina na faɗuwa kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwanta tsakanin rumfuna, ya gangara cikin rijiyoyin unguwa, sai kuma a ji amai da gudawa ya ɓarke, a fara jiran agajin jiha. Gina banɗaki shida da haƙa burtsatse a mayanka ba aikin biliyoyi ba ne. Kuɗin 'yan makonni na babbar kasuwa guda zai yi shi. Abin da ya hana shi ne babu wanda ya san nawa aka tara, don haka babu wanda zai iya tambayar inda aka kai.

Iyayenmu sun san zafin biyan kuɗi ba tare da bakin magana ba. A zamanin En'e dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida karɓar haraji, Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali, wanda ya kasa biya ya sha wulaƙanci. A kan wannan 'yan NEPU na Malam Aminu Kano suka sha ɗauri, kuma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi. Gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ma manufarsa ke nan, a matso da mulki kusa da talaka, ya zaɓi wanda zai riƙe masa baitulmali. Duk da zaluncin zamanin En'e, dattawa har gobe suna tuna duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, ya duba makwarara, ya hana sayar da mushen nama. Yau haraji ya dawo ta ƙofar kasuwa, duba-garin kuma sai an yi da gaske a gan shi.

Maganar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Shawarwarin da suka fi taɓa rayuwar ƙaramin gari ƙanana ne a idon na nesa, amma su ke raba zumunci. A tashi kasuwa daga tsakiyar gari a kai ta bayan gari. A mayar da tasha wani wuri. A rushe tsofaffin rumfuna a gina shagunan siminti. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya zama daidai, domin gari na girma, hanya na cunkushewa, gobara kuma ba ta sallama. Matsalar ita ce yadda ake yi. Sai an gama gini a ji cewa shagunan sun ƙare, an rabe su tsakanin 'yan siyasa da ma'aikatan sakatariya, wanda ya gaji rumfar daga kakansa kuma ya koma ɗan haya a wurin wanda bai taɓa sayar da ko allura ba. Tsohuwar da ke aiko da jikarta tallan fura daga cikin gida ba ta da hanyar kai kayanta sabuwar kasuwa mai nisa, kuma babu wanda ya tambaye ta, domin idan ma an kira taro, maza goma ne a ofishin ciyaman. Shi ya sa ake ganin sababbin kasuwanni a bayan gari an kashe musu kuɗi, awaki na kwana a ciki, 'yan kasuwa kuma sun koma bakin titi.

Mafi haɗari a cikin irin waɗannan shawarwari shi ne rabon ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara, har kadada 500 domin noma, kadada 5,000 domin kiwo, ba tare da neman izinin gwamna ba. Wannan iko ne babba a hannun ofis ɗin da babu mai leƙa takardunsa. Idan aka yanka makiyaya aka mayar gonaki, aka toshe burtali, aka kewaye mashaya, ranar da aka sa hannu babu wanda zai ji ƙara. Sai kaka ta zo, shanu sun rasa hanya sun faɗa gona, sannan a ji ta. Duk wanda ya bibiyi tushen fitinar da ta ci Zamfara da wasu sassan Katsina ya san cewa rabon daji da cinye burtali na cikin abubuwan da suka hura wutar. Da a gaban hakimi da arɗo da sarkin noma ake irin wannan rabo, a rubuce, kowa na gani, da an rage jinin da ya zuba.

Me ya sa ciyaman ba ya jin nauyin mutanen garinsu? Domin a mafi yawan lokuta ba su suka ɗora shi ba. Bayan hukuncin kotu jihohi sun yi rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe musu kuɗi, kuma sakamakon ya fito iri ɗaya. A watan Oktoban 2024 APC ta lashe duka kujerun ciyaman 27 na Jigawa da duka 23 na Kaduna, NNPP ta lashe duka 44 na Kano. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, duk mai riƙe da gidan gwamnati haka yake yi, tunda shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Amma ba tilas ne abin ya zama haka ba: a 2018, da Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, 'yan adawa sun ci kujeru. Gyaran zaɓe dai aiki ne na majalisar tarayya da gyaran tsarin mulki, zai ɗauki lokaci, kuma mutanen gari ba za su naɗe hannu har sai ya zo ba.

Akwai masu cewa gara ma kuɗin su tsaya a hannun gwamna, domin ɓarnar da za a yi a sakatariya ta fi ta gidan gwamnati. Ban raina wannan magana ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da wannan 'yanci, saboda malaman firamare ba su manta da lokacin da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi ba, suna shafe watanni babu biya. Tsoronsu na da tushe, kuma ya kamata a cire albashin malamai da na ma'aikatan lafiya tun daga sama kafin ciyaman ya taɓa sisi. Sai dai ni a ganina kusancin ciyaman shi ne amfaninsa. Gwamna yana bayan katanga da jami'an tsaro, sai a talabijin ake ganinsa. Ciyaman kuwa an san gidan mahaifinsa, an san masallacin da yake Juma'a, dole ya zo jana'iza, dole ya zo ɗaurin aure. Wanda ake haɗuwa da shi a sahu ana iya tambayarsa, in dai mai tambayar yana riƙe da alƙaluma.

Alƙaluman kuwa ba asiri ba ne. Tun 2004, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu, yau kuma duk mai waya zai iya ganin abin da aka ware wa ƙaramar hukumarsu kowane wata a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi a nuna masa kasafin kuɗi ko takardar kwangila, a ba shi amsa cikin kwana bakwai, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba, yana da ƙungiyar ɗalibai, yana da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suka dawo gida, cikinsu har da waɗanda suka riƙe ma'aji suka san kan lissafi. Waɗannan ƙungiyoyi sun iya aikin gayya, sun iya tara kuɗi a gyara rufin aji ko a katange makabarta, Allah Ya saka musu. Amma duk lokacin da suka yi wa hukuma aikinta ba tare da sun tambayi inda kuɗin aikin ya shiga ba, sun sauƙaƙa wa mai ci ne.

Sai kujerar da aka manta da ita, wato ta kansila. A takarda, majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, ita ke yin ƙananan dokokin kasuwa da tsafta, ita ke sa wa ciyaman ido. A zahiri mutane da yawa ba su san ranar da take zama ba, wasu ma ba su san sunan kansilan mazaɓarsu ba. Mu ma da laifinmu a nan. Mun mayar da kansila da ciyaman wurin kai kukan kuɗin magani da ragon suna da kayan ɗaki, tun asuba ƙofar gida ta cika, kowa da tasa buƙatar. Talauci ne ya kawo haka, ban ga laifin mai neman magani ba. Amma wanda aka ba dubu biyar da safe ba zai iya buɗe baki da yamma ya tambayi kuɗin kwalbati ba, kuma shugaban da ke raba kuɗi kullum a ƙofar gida dole ya nemo su a wani wuri.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa. Ciyaman ya liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata a bangon sakatariya da ƙofar fadar hakimi, da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta shi da babbar murya ga wanda ba ya karatu. Zaman majalisar kansiloli ya zama a buɗe, a sanar da ranarsa. Kada a tashi kasuwa, ko a raba rumfuna, ko a yanka daji, sai an zauna da waɗanda abin zai shafa, a ware wa mata nasu zaman inda za su iya magana a sake, a gayyaci makiyaya ta hannun arɗonsu. A ranar kasuwa kuma, kowane littafin rasit ya zama mai lamba, a ƙirga abin da aka tara da yamma a gaban sarkin kasuwa da sarkin pawa da wakilin direbobi, su sa hannu, a rubuta jimillar a allo a bakin ƙofar kasuwa, ta zauna nan har kasuwa ta zagayo.