A'a, filashin koyarwa ba ya goge maka Windows

Mutane da yawa da zarar malamin bita ya ce a soka filashi a tayar da kwamfuta daga cikinsa sai hankalinsu ya tashi, wai za a goge musu Windows da hotunansu. Gaskiya ba haka abin yake ba. Abin da ke kan filashin shi ne Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows; ko nau'insa Ubuntu ne ko Debian, daga filashin yake tashi ya yi aikinsa cikin RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta), hadis ɗinka (wato hard disk, inda Windows da hotunanka suke) na gefe abinsa, kana kashewa ka zare filashin komai ya koma yadda ka bar shi. Lokacin kunnawa ne kawai za ka danna F12 a Dell ko F9 a HP ka zaɓi filashin.

Inda haɗarin yake biyu ne: in ka danna maɓallin girka Linux ɗin a kan kwamfutar ka amince ya share hadis, da kuma lokacin haɗa filashin da Rufus ko Ventoy (manhajojin da ake shirya filashin Linux da su), nan kam duk abin da ke cikin filashin zai tafi, don haka a kwashe tukuna.

Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne ba ruwansa da data. Manhajar Kiwix na buɗe Wikipedia ba intanet, ga LibreOffice na rubutu da lissafi, ga GCompris na wasannin koyo na yara, kowa a ajin allonsa iri ɗaya da na malam, babu "nawa bai buɗe ba". Sai dai fa aikin ɗalibi yana ɓacewa in an kashe, sai in an ware wa filashin wurin ajiya tun farko.