Dagi ba hoton liƙawa ba ne, yana da ƙa'idar zane

A nan Landan, duk wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zai ga taswirar da ta samo asali daga wadda Harry Beck ya tsara, aka fara rabawa a 1933. Mutumin ya saba da zanen hanyoyin wayar lantarki a wajen aiki, sai ya ɗauko tsarinsu: layi ya miƙe, ko ya kwanta, ko ya karkata digiri 45, shi ke nan. Bai zana wayar lantarki a taswira ba. Ƙa'idar ya ɗauka, ya bar kamannin. A ganina nan ne masu zane na wajen nan suka sha gabanmu, ba a baiwa ba, ba kuma a yawan abin kallo ba.

Mu kuwa fa? A duba katin biki, tambarin shago, kwalin turare: dagin Arewa ɗaya ne aka sauko da shi daga intanet, aka manna a kusurwa, wani lokaci ma an ja shi ya baje kamar an taka. Abin yana min ciwo, domin mai zanen da ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram yana wuce darasi goma kafin ya isa bakin titi.

Ɗauki dagin kansa. Igiya ce da ke saƙa kanta, kuma dokarta guda: in ta bi ta sama a wannan mahaɗa, dole ta bi ta ƙasa a ta gaba. Da zarar ta hau sau biyu a jere, ido zai ji akwai matsala ko bai gane mece ce ba. Jera ɗigo-ɗigo da tazara ɗaya, ka juya su digiri 45, ka ja igiyar tsakaninsu da kauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A kowace mahaɗa ka bar ɗan fili kamar rubu'in kaurin igiyar, don a ga wadda ke sama. Sannan ka rage shi zuwa santimita 2, baƙi da fari, ka buga a takarda. In ya dunƙule, igiyar ta yi kauri ko mahaɗun sun yi yawa.

Babbar riga ma malama ce. Aikin aska takwas ba a tsakiya yake zaune ba: nauyinsa yana ɓangaren aljihu, asakun sun sauko da tsini, ɗaya gefen kuma an bar masa sarari da da'ira tilo. Abin da makarantun zane na Turai ke kashe watanni suna koyarwa ke nan, yadda ake daidaita shafi ba tare da an raba shi biyu daidai ba. Amma mu sai a cusa komai a tsakiyar fosta, launi bakwai, salon haruffa biyar, babu inda ido zai huta.

Ga kuma waƙa. Makaɗi yana canza baiti yadda ya ga dama, 'yan amshi suna riƙe da abu ɗaya. Haka shafi yake so: launi biyu, salon haruffa biyu, tazarar gefe ɗaya, su ne amshi, ba a taɓa su. Hoto da kanun magana su ne ke yawo.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne launi. A marinar Ƙofar Mata yadi yakan fito daga rijiya da ɗan kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi, kuma yawan tsomawa ke ƙara masa duhu. Wato baba kaɗai ya ba ka matakan launi huɗu ko biyar masu tafiya tare. Sai dai shuɗin da ke sheƙi a fuskar kwamfuta na RGB ne, wato haɗin hasken ja da kore da shuɗi, injin maɗaba'a kuwa da CMYK yake aiki, wato tawada huɗu (C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi), shi ya sa kati ke dawowa da launin makuba-makuba ko ya yi ja-ja. Don samun shuɗin baba, ka sa C a kashi 100, M kada ta wuce 70, Y 20, K 40, kuma ka nemi a buga maka gwaji ɗaya kafin a saki dubu. Farin rubutu ƙanana a kan wannan shuɗi yakan yi dishi-dishi, saboda tawada huɗu ba sa sauka daidai wuri ɗaya, don haka ka ƙara masa girma da kauri. Hoto ya kai ɗigo 300 a inci, kuma a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Sai haruffanmu. Bajamushe ba zai yarda a cire ɗigon da ke kan harafinsa ba, mu me ya sa za mu bari a rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa"? Kafin ka zaɓi salo, rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ka duba. In ɗaya ya fito da wata siffa dabam, kwamfuta ta aro shi daga wani salon; in akwati ya fito, salon ba shi da harafin. Noto Sans da Gentium da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Kafin ka tura wa maɗaba'a, ka mai da rubutun ya zama zane, don kada lanƙwasar ta ɓace a kwamfutarsu.