Doki ya bar wa mota titi, amma motar lantarki me za ta ci a Kano?

Kwanan nan duk majalisar da aka tayar da zancen motar lantarki sai wani ya ce ai haka aka yi da doki, ana ta gardama sai ga mota ta kore shi daga titi. Ni dai rabin kwatancen nan na yarda da shi.

Gaskiya ne abin ya zo da sauri a Amurka, Ford ya fito da Model T a 1908, kafin shekara 20 keken doki ya zama abin kallo a manyan biranensu. Amma ana mantawa tun wajen 1900 akwai motocin lantarki a can har haya ake yi da su, mai fetur ce ta kayar da su saboda mai ya yi araha gidajen mai suka bazu, wuta kuwa ba ta kai ƙauyuka ba. Abinci ne ya raba gardamar. Doki harawa da dusa, mota fetur, ita kuma wannan wuta take ci, mu kuwa a unguwarmu sai a wuni a kwana ba a kawo ba, waya ma sai ka kai shagon caji a manna mata lamba ka dawo bayan la'asar.

Duk da haka wallahi ina so ta zo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ɗan adaidaita sahu yake wahala, ya sha mai ya cire balas ɗin mai mashin, abin da ya rage ko cefane ba ya kaiwa. Ta nan ya kamata a fara, ba ta jif ɗin manya ba. A kafa tashoshin sola a Sabon Gari da Kabuga da Hotoro, direba ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke ya wuce. Kano ta iya sauyi, a 2013 aka hana acaɓa kuma nan da nan adaidaita ya cika gari.

Waɗanda ke cikin raina su ne bakanikai da masu sayar da kayan gyaran mota na kasuwar Ƙofar Ruwa, don motar nan ba fulogi ba kafireta ba juyen baƙin mai, dole a fara koya wa yaransu aikin batir da wayarin tun yanzu. Mai ɗinkin sirdi da linzami har gobe yana samun ciniki in Hawan Daushe ya matso, mai wankin kafireta fa wane hawa zai jira?