Waƙar yara ta cinye kasuwar manya, mu kuma ƙorafi kawai muke

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin ƙarshen shekara na 'yan matanel, wato makarantar ƙananan yara, a Garwa ko Marwa ya san lokacin da ake sakin Baby Shark, waƙar nan ta ɗan kifin shak, wai don yara ne, amma duba layin iyaye ka ga masu haɗa tafin hannu suna bakin kifi. Ana tashi kuma a fara mita, wai waƙar banza ce ba ma'ana, turawa sun gama da tarbiyyar 'ya'yanmu. Ni kam ban yarda da wannan mitar ba.

Na farko ma ba turawa suka fitar da wadda muke ji ba, kamfanin Pinkfong ne na Koriya ta Kudu ya ɗora ta a YouTube a 2016, zuwa Janairun 2019 ta shiga Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a lamba 32 tana gogayya da manyan mawaƙa, a Nuwamban 2020 ta zama bidiyon da aka fi kallo a YouTube gaba ɗaya, a Janairun 2022 ta fara cika kallo biliyan 10 kafin kowa. Kuma ba yau farau ba, tun 1970 waƙar Rubber Duckie ta shirin yara Sesame Street ta kai lamba 16 a Amurka, a Ingila ma waƙar shirin yara Bob the Builder ce ta ɗaya a jerin waƙoƙi a Kirsimetin 2000. Dalilin ba wani sihiri bane. Yaro ba ya gajiya da maimaici, ya ji sau ɗari zai ce a ƙara, uwa tana girki tana ji, baba yana ji, to ta ina zata fita daga kansu?

Abin da yafi ɗaukar hankalina shi ne asalinta. Tsohuwar waƙar wasa ce da yara ke yi a sansanonin hutu a Amurka, ba wanda ya san mai ita, kamar dai waƙoƙin gaɗa da na tashe a wajenmu. Su Koriya suka ɗauka suka sa mata kiɗa mai sauri da zane mai launi da rawar hannu da ɗan shekara biyu zai iya, shikenan kuɗi ya fara zuba, kayan wasa, riguna, har shirin talabijin. Wani mawaƙin Amurka da ya riga su rera ta a 2011 ya kai ƙara, a 2025 kotun ƙolin Koriya ta ce bai da gaskiya tunda waƙar gargajiya ce bai ƙara mata wani abin kirki da zai zama nasa ba.

Mu 'yan Kamaru ai bai kamata a ba mu wannan labarin ba. Zangalewa waƙar maci ce ta sojoji da 'yan sikawut da 'yan lekol, mawaƙan Kamaru Golden Sounds suka naɗe ta a 1986, sai ga Shakira ta ɗauki amshin a gasar cin kofin duniya ta 2010 duniya ta ɗauka. Da ba su naɗa ba tun farko wa zai san ma daga nan ta fito balle a yi maganar biyansu?

Toh ina namu na arewa? Yaron unguwar Hausawa a Ngaundere yana tashi da Hausa da Fulatanci da Faransanci a bakinsa, amma ka buɗe wayar uwarsa ka nemo masa waƙar yara mai kyawun hoto da ɗaya daga yarukan gida, sai ka sha wahala. Dandali ya mutu a yawancin unguwanni, 'yan mata ba sa fita gaɗa da farin wata kamar da, waƙoƙin suna bakin kakanni kuma kakannin tafiya suke ɗaya bayan ɗaya.

Inda na yarda da masu ƙorafi shi ne maganar waya. Miƙa wa ɗan goye waya don ya yi shiru awa biyu ba abu bane mai kyau, ko karatun Ƙur'ani ne a ciki balle kifi. Amma wannan laifin mai miƙawa ne. Ita waƙar kanta ba batsa ba zagi, jariri ne da mama da baba da kakanni, wallahi ta fi tsabta akan rabin abin da ke tashi a TikTok da yarenmu.

Mawaƙanmu kuma sun fi son waƙar amarya da ta ɗan siyasa saboda nan take ake ba su kuɗi a hannu, waƙar yara sai an yi haƙuri kafin ta biya. Sitidiyo akwai a garuruwan nan, matasa masu iya zane a kwamfuta akwai, gidajen rediyon CRTV na Garwa da Marwa da Ngaundere suna da shirye-shirye da yarukan gida. Ko su ne su ware minti goma a mako su riƙa kiran tsofaffin mata suna rera na gaɗa ana naɗa, a rubuta sunan kowace da unguwarta da ranar da ta rera.