Ku daina sayar mana da dajin Kenya da sunan Yankari

Abin ya ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Duk mazaunin Kaduna ya san wahalar da ake sha kafin a zauna a kalli shirin minti talatin a waya ko a talabijin. Data ta yi tashin gwauron zabo tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Wuta sai an ga dama a kawo, in kuwa janareta ka ce za ka tayar, man fetur ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi tun da aka cire tallafi a 2023. Ka jure duk wannan, ka tara iyalinka ka ce ku zo ku ga dajin ƙasarku, sai a zuba muku ƙarya tsagwaronta, a ɗora mata kiɗa, a kira ta shirin ilimantarwa. Kuɗinmu ake ci, kuma 'ya'yanmu ake ɓatarwa.

Ina magana ne a kan shirye-shiryen namun daji da suka cika YouTube da Facebook da TikTok, har ma da wasu tashoshin tauraron ɗan'adam da muke biya duk wata. Za ka ga an rubuta Yankari ɓaro-ɓaro a kan shiri. Kana buɗewa sai ga dubban dabbobin nan masu gemu da ƙaho irin na saniya suna rububin tsallake kogi, kadoji na cafke su. Wannan Kogin Mara ne, tsakanin Kenya da Tanzaniya, kuma wannan dabba ba ta taɓa zama ta dajin Najeriya ba. Can sai ga garken jakin dawa, sai ga karkanda, a bayansu wani dutse mai ƙanƙara a kansa. Kilimanjaro ne fa! A wane gefen Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari take, aka taɓa ganin dutse mai ƙanƙara? Na ga wanda mai sharhi ke zuba bayanin damisar Arewa, alhali abin da ke kan allo ƙatuwar dabbar nan ce mai ratsi-ratsi ta dazukan Indiya, wadda babu ita a dajin Afirka gaba ɗaya. Wani zai ce ai akwai jakin dawa a Bauchi. Gaskiya ne, a gandun Sumu, kuma daga Namibiya aka kawo su a 2006. Mai shirin kirki wannan bayanin zai fara yi, don mai kallo ya bambance ɗan gida da baƙo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Yankari ba ta rasa abin nunawa ba, balle a ce dole ce ta sa aka yi sata. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye, akwai ɓauna, akwai gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga dorina a Kogin Gaji. In rani ya tsananta ruwa ya ƙafe a ko'ina, dabbobin kan gangaro bakin Gaji, kuma a nan ne mai haƙuri zai samu hoton da ba wanda zai ce na aro ne. Ga ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ga gwaggon biri da mugun dawa suna yawo a sansanin baƙi ba tsoro. Ga tsofaffin rijiyoyin Dukke da wuraren narka ƙarfe na mutanen da suka zauna a dajin kafin a tashe su. Duk wannan yana nan, amma yana buƙatar mutum ya tashi daga kan kujera, ya shiga mota zuwa Bauchi, ya kwana, ya yi asubanci, ya jira. Su kuwa masu shirin ba sa son jira. Sun fi son su sauke hoton wani daga intanet su manna masa sunanmu.

Kada wani ya ce min ai nishaɗi ne kawai. 'Yata ƙarama ta zo ta same ni ta ce, “Baba, in an yi hutu ka kai mu Bauchi mu ga karkanda.” Me zan ce mata? Nau'in karkandar da ta taɓa rayuwa a wannan yanki namu, an ayyana ta ƙare a duniya tun 2011, ragowarta na ƙarshe a Arewacin Kamaru aka gani. Yarinyar ba ta yi laifi ba, abin da aka nuna mata ta gaskata. Kuma irinta dubbai ne a makarantun Tudun Wada da Rigasa da Kawo, waɗanda ba su taɓa taka daji ba, iliminsu na dabbobi duk daga wayar iyayensu yake fitowa.

A nan ne ɓarnar take. Wanda aka nuna masa zakuna goma sha suna kwance a inuwa aka ce masa Bauchi ce, zai kwanta da tunanin cewa dajinmu cike yake. Ba zai taɓa tambayar gwamna ko ɗan majalisa me aka yi da kuɗin gandun daji ba, don a ganinsa komai lafiya. Alhali binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne kacal, na Najeriya ba su kai 50 ba, kuma a wuri biyu kawai, Kainji da Yankari. Raƙumin dawa irin namu na Afirka ta Yamma babu shi a dajin Najeriya yanzu, sai ka tsallaka Nijar, yankin Kure kusa da Yamai. A can ma sai da suka ragu zuwa 49 a 1996, aka tashi tsaye da haɗin kan manoman yankin, yau sun haura 600. Wannan labari ne na maƙwabtanmu, da Hausa za a iya ba da shi tsaf, kuma zai koya mana cewa abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa. Ban ga an tsaya an ba mu shi yadda ya kamata ba.

Ba sai an je nesa ba ma. Dattawan garin nan su faɗa mana, yaushe rabon da su ga ungulu sun yi dafifi a mahauta? A da ba a raba mahauta da ungulu. Yau sun ɓace, saboda guba da ake sa wa mushe da kuma cinikin kawunansu da ake yi don tsibbu, har ta kai tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ina gauraka, mai tukku kamar zinariya, da ake gani a fadamu? Yara da yawa a hoto kawai suka san ta. Wannan shi ne shirin da muke buƙata. Amma ungulu ba ta da farin jini, ba za ta jawo masu danna alamar so ba, don haka sai a koma satar zakin Tanzaniya.

Su ma baƙin da ke zuwa daga Turai da Amurka da manyan kyamarori ba su kuɓuta ba. Nasu laifin daban ne. A wajensu Arewa hamada ce kawai: yashi, ƙasa mai tsagewa, gawar saniya, yaro da jarka. Eh, akwai tuddan yashi a Yusufari ta Jihar Yobe, kuma kwararowar hamada gaskiya ce a jihohin da ke kan iyaka, ba mai musu. Amma Kaduna fa? Ruwan da ke sauka mana a shekara ya haura milimita 1,000. Dajinmu na doka ne da kaɗanya da ɗorawa da maɗaci. Wanda ya bi hanyar Kachia a watan Agusta ya san irin koren da nake nufi. Muna da duwatsun Kagoro, muna da ruwan Matsirga da ke zubowa kusa da Kafanchan, muna da Kufena a Zariya. In ka miƙa gabas, Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, akwai kurmi, akwai birai masu kama da mutum, kuma a nan Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. A tsaunin Mambilla shayi ake nomawa, sai da bargo ake kwana. Duk wannan Arewa ce, amma an matse ta an mayar da ita hoton yashi guda ɗaya.

Dausayin Haɗeja da Nguru kaɗai ya isa a yi shiri goma. Tsuntsaye ne ke tasowa tun daga Turai in sanyi ya kama can, su tsallake Sahara su sauka a Dagona, su haɗu da dinya da kirinjijiya na gida. A shekarar 2000 aka sa yankin a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Kuma akwai rikici a ciki wanda ya shafi cikin mutane: madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga uku, jan baki ya samu maɓoya yana cinye amfanin gona. Duk wanda ya nuna tsuntsayen bai nuna kachalla ba, rabin labari ya bayar.

Sai Kamuku, namu na Jihar Kaduna, a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun tarayya a 1999. Kowa ya san abin da ya faru da wannan daji da kuma hanyar da ta tashi daga Mando ta bi ta Buruku. Shekaru aka yi 'yan bindiga na cin karensu ba babbaka, mutane suka rasa rayuka da dukiya. Ba zan ce wa ɗan kowa ya ɗauki kyamara ya kai kansa halaka ba, rai ya fi hoto. Amma in ba ka iya shiga ba, ka faɗa. Ka ce ga dajin, ga dalilin da ya hana mu shiga. Ka nemi tsofaffin ma'aikatan gandun, ka zauna da mutanen ƙauyukan da ke gefensa, su ba ka labarin giwayen da suka sani da hanyoyin da suke bi. Rashin tsaro ba lasisin ƙarya ba ne. Na ga wani ɗan shiri da aka ce Kamuku ne, fili fetal ba itace sai ƙaya mai shimfiɗaɗɗen kai irin ta Gabashin Afirka. Wanda ya haɗa shi ko taswira bai duba ba.

Kuma ina shirin gawayi? Kullum manyan motoci na shigowa garin nan maƙare da buhuna, kowane buhu itace ne da aka sare. Ina shirin madobiya, da aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin har sai da aka sa ta ƙarƙashin dokar cinikin ƙasa da ƙasa a 2017? Ba na zagin mai sayar da gawayi, ni ma a gidana ana amfani da shi tun da gas ya yi tsada. Amma a nuna mana inda yake fitowa da abin da ya rage a wurin.

Yanzu kuma ga sabon bala'i, ƙirƙirarriyar basira. Murya ce ta na'ura ke karanta Hausar da ba Bahaushen da ke yin irinta, ba a san inda jimla ta fara ba balle inda ta ƙare. Hoton ma na'ura ce ta zana, ka ga giwa na tafiya ƙafafunta na narkewa cikin ciyawa. Ko a waɗanda suka yi ƙoƙarin ɗauko hoton gaske, sakaci ya yi yawa. A ce ana cikin hunturu, sai ga shamuwa na sheƙa a kan kuka. Wane manomi ne bai san shamuwa da farkon damina take zuwa ba? A ce tsakiyar damina ce, sai ga gawo kore shar, alhali gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Wannan ilimi ne da kowane tsoho a ƙauye ke da shi kyauta, amma girman kai ya hana a tambaya.

Masu sani suna nan birjik. Akwai maharban da suka san sawun kowace dabba, akwai Fulanin da suka san kowane rafi da sunansa, akwai masuntan Nguru, akwai ma'aikatan gandun da ke kwana a daji suna fuskantar mafarauta masu bindiga da albashin da bai taka kara ya karya ba. Ta fannin boko kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar sa'a guda daga nan, ga cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, ga kwalejin kula da namun daji a New Bussa. Kiran waya ɗaya ya isa a gane cewa babu jakin dawa a Kamuku.

Don haka, ku masu shirya waɗannan abubuwa, ku ji da kyau. Duk hoton da kuka sa, ku rubuta a ƙasansa inda aka ɗauke shi da watan da aka ɗauka. In na aro ne ku ce na aro ne, in na'ura ce ta zana ku faɗa. Ku kuma tashoshin da ke karɓar kuɗinmu duk wata, ku ɗauki mutum ɗaya da ya san daji ya riƙa duba shiri kafin a sake shi, kamar yadda ba za ku bari a karanta labaran siyasa ba edita bai gani ba. 'Yan kasuwar da ke sa talla a kan irin waɗannan shirye-shirye, kuɗin da kuke zubawa ya isa ya kai matasa uku da kyamara bakin Kogin Gaji su yi wata guda a lokacin rani. Akwai yaran da suka iya ɗaukar hoto a garin nan, suna yawon bukukuwa don ba wanda ya ba su aikin daji. Ni dai daga yau duk shafin da na kama ya manna wa Kenya sunan Yankari, zan rubuta masa a fili inda kowa zai gani, in kai ƙararsa, in kuma faɗa wa malaman makarantar 'ya'yana kada su ƙara nuna shi a aji.